Kaftin a Bayan Motar Goro

Ku da kuke danna na'ura ta tofo muku hoto, ku ɓare bayansa ku manna a jikin mota kafin shayinku ya huce, na ji kuna cewa aikinmu na da wasan yara ne, wai a tsoma buroshi a fenti a shafa. To, ku gyara zama. Ni ne Idi Mai-Fenti, a unguwar Albarika aka yanke mini cibiya, nan Parakou, kuma a zamanina babu babbar motar da ke bin hanyar Djougou wadda ban san bayanta ba fiye da yadda mai ita ya san fuskar surukarsa.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni shi ne wankin gwangwanayen tumatir, waɗanda muke dama fenti a ciki. Na daɗe ban taɓa buroshi ba sai in za a wanke shi da kananzir. Da ya ga ban gudu ba, sai ya koya mini ƙera ƙaramin buroshi na zanen ido da gashin baki: a yanko gashin wutsiyar akuya, a jera, a ɗaure da zare a cusa a gindin gashin zabo. Har na yi aure awakin Albarika in sun hango ni sai su matse wutsiya su canza hanya. Daga nan aka sa ni gugar ƙyauren bayan mota, don a lokacin na katako ne, kuma katako ɗan ƙishirwa ne, in ba ka shayar da shi farin fenti ya ƙoshi ba, duk abin da ka zana zai shanye shi ya bar ka da kunya. Babban karatun kuwa guda ne. Ba wanda ke tsaye kusa kake yi wa zane ba, wanda ke biye da motar yana shan ƙurarta shi kake yi wa. Don haka ido ya yi girma, launi ya yi ƙara.

Ban daɗe da buɗe rumfata ba, 'yan shekaru bayan Faransawa sun naɗe tutarsu, sai ga wata tsohuwar mota ta shigo tana tari. Mai ita Alhaji Sule ne, ɗan fataken goro na Djougou, waɗanda kakanninsu suka yi ta kai da komo da jakuna kafin a san taya. Tare da shi akwai kawunsa, wani tsoho siriri mai tsabtar tsiya, ana ce masa Baba Kuku, don ya yi shekaru yana dafa wa wani Bature ɗan Ingila abinci a garin Sekondi, can bakin teku. Tsohon yana rungume da wani abu naɗe a zane kamar jariri.

Da ya kwance sai ga hoto. Wani Bature ne jajir, da baƙar riga mai maɓallai, da hula kamar an kifa kwalekwale, takobi a kugu, a bayansa jirgin ruwa irin na da, wanda ba shi da inji, iska ke tura shi da manyan ƙyallaye. Kakan kakan maigidansa ne, in ji shi, hafsan jiragen yaƙin Ingila. Da Baturen zai koma gida ya bar masa hoton, ya kuma bar masa labarin, don kullum in ya sha ya yi tatil sai ya tsare kukunsa ya ba shi tarihin Kaftin tun daga farko.

"Shi nake so a bayan motata," in ji Alhaji. "Zaki da damisa sun cika hanya. Kowane matsiyaci da zakinsa."

Baba Kuku ya dubi motar, ya dubi hoton, ya girgiza kai. "Sule, ka ji tsoron Allah. Wannan akwalar ba ta kai a ɗora mata Kaftin ba. Ai shi ma ba da Kaftin ya fara ba. Yana yaro, bai fi ɗan kaciya ba, uwarsa ta ɗaure masa akwati aka kai shi jirgi. A nan za mu fara."

Haka aka yi. Na zana shi yaro, maƙale a saman dogon ginshiƙin jirgi yana leƙen ƙasa. Baba Kuku ya sa kujera a bayana, yana ba da labari yana gyara mini hannu. Wai yaran jirgi a cikin ragar da aka rataya suke kwana, a ƙasan jirgi inda rana ba ta shiga. Wai biskitinsu sai an ƙwanƙwasa shi a tebur ƙwari sun fito kafin a ci, wanda ya ƙosa kuwa ya haɗa da su. Wai in yaro ya yi laifi sai a kora shi can ƙololuwa ya wuni, jirgi na lilo da shi. Ni kuwa a lokacin ban taɓa ganin teku ba, ruwan da na sani shi ne kogin Okpara. Da na gama, tsohon ya matso ya ƙura ido.

"Idi, mene ne wannan a ƙarƙashin jirgin?"

"Teku ne, Baba."

"Teku? Wallahi kunyar doya ce. Shuɗi kawai ka shafa mata."

Na yi ta gyara, amma har na tsufa tekuna bai rabu da kama da gonar doya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mota ta biyu sabuwa ce fil, don goro ya karɓi Alhaji. Baba Kuku ya ce to, yaro ya ci jarrabawa a gaban manyan hafsoshi, ya zama Laftana. Na ba shi takobi da madubin hangen nesa. Na so in ƙara masa geza ta zinariya a kafaɗa don ado, tsohon ya buge mini hannu, ya ce bai kai ba tukuna, can ba a ba mutum geza don ya yi kyau. A mota ta uku aka ba shi ƙaramin jirgi nasa na kansa da geza guda ɗaya tak, kafaɗa ɗaya na walƙiya ɗayar tana kallo. Aka turo shi tekunmu, wajen Ouidah, yana farautar jiragen masu safarar bayi, zazzaɓi na kashe masa mutane. Tun daga nan abin ya zama al'ada. In Alhaji ya sayi mota, Kaftin ya samu ƙarin girma. 'Yan tasha har caca suke yi a kan abin da zai zama gaba. Limamin unguwarsu ya taɓa yi wa Alhaji magana a kan hoton mutum, shi kuwa ya ce ai a baya yake, shi bai ma ganinsa, masu son wuce shi ne ke ɗaukar alhaki.

Mota ta huɗu ita ce gwanintata. Doguwa ce, ƙyaurenta ya kai faɗin ƙofar masallaci. A nan na tsayar da shi cikakken Kaftin, geza biyu, hula, takobi, madubi a hannu, jirgi a bayansa da ƙyallaye sun cika da iska sun yi ciki. Direbanta Tanko ya rantse tun da aka zana shi ko faci bai yi ba tsakanin Djougou da Parakou. Ƙarya yake yi, ni na sha ganinsa a gefen hanya da jak, amma wa zai ɓata wa kansa talla?

Sai shekarar tsiya ta zo. Sojoji sun karɓi mulki, juyin juya hali ya kankama, ƙasa ta canza suna, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har kakata. Fenti ya ɓace a kasuwa. Wanda ake samu an tsinka shi da kananzir har ya zama ruwan shayi. Masu motoci suka daina zane, don ba wanda ya san abin da zai ɓata wa hukuma rai. Na koma rubuta alluna na gonakin gwamnati.

Akwai wani Sallau, ɗan unguwarmu, mai yankan tikiti a tasha. Tare muka yi wasan langa. Dare ɗaya ya samu hula da jar ƙyalle a dantse, ya zama shugaban kwamitin tasha, sunansa ya koma Kamarad Shef. Wata safiya ya aiko aka kira ni, na tarar da Alhaji da Baba Kuku da Tanko tsaye a bayan doguwar motar.

"Kamarad Alhaji," in ji shi, "wane ne wannan?"

"Kaftin ne, Sallau. Ai ka san shi. Kai ma ka ci cacar gezarsa."

"Kamarad Shef za ka ce. Wannan ɗan mulkin mallaka ne, da takobi, yana yawo a titin jama'a!"

Baba Kuku ya ce, "Ɗana, ai wannan masu sayen bayi yake kamawa. Kuma ba Bafaranshe ba ne."

"Baba, Bature Bature ne. Ba na son diskisiyo, ban da gardama." Ya juyo gare ni. "Kai ka zana, kai za ka share. In na sake ganin fuskar nan a kan hanya, motar Alhaji ta zama ta gwamnati, rumfarka a rufe, buroshinka a ƙona, kai kuma gonar auduga. Ka ji ni, Kamarad Idi?"

Na ji shi sarai. Rumfar nan ita ce abincin gidana, kuma hannun da ya saba da gashin akuya bai san fartanya ba. Na ce wa Alhaji a kawo motar in kankare. Alhaji ya ce sam, Allah ne ke tsarewa, ya sani, amma dai kada a taɓa Kaftin. Tanko ya ce ranar da aka kankare shi, ranar zai ajiye makulli. Muka zauna a rumfata, kowa na kallon Baturen, shi kuwa yana kallon nesa abinsa.

Can sai Baba Kuku ya yi dariya. Ya ce, "Ku ba ku san mutumin nan ba. In yana farauta, ba ya zuwa da kamannin jirgin yaƙi. Sai ya sa a rufe bakin igwoyi da tamfal, a shafa wa jirgi fenti ya yi dauɗa, a rataya tsummoki, a ɗaga tutar wasu. Kowa ya ɗauka ɗan kasuwa ne. Shi ya saba ɓuya. Idi, ba ka da fentin da zai rufe shi ba tare da ya kashe shi ba?"

Ina da shi kuwa. Akwai wani haɗi da muke yi wa motar ɗaukar amarya da ta rakiyar alhazai, muna ce masa fentin aro. Garin launi ne a dama shi da ruwan ƙaro, ba mai ko ɗigo. Yana bushewa ya yi kyau kamar na gaske, amma in an gama biki, guga ɗaya da tsumma sun isa. A kan fentin mai yana zama lafiya lau muddin ruwa bai taɓa shi ba. Lokacin rani ne, damina da sauranta. Muka yi shawara a rufe shi da wannan, in sama ta fara haɗuwa motar ta shiga rumfa a Djougou, a ga abin da hali zai yi.

Ban taɓa yin aiki da jin daɗi irin wannan ba. Hular kwalekwale na kifa mata malafa. Jar fuska ta zama baƙa mai sheƙi, na buɗe masa baki yana murmushi. Riga mai maɓallai ta koma 'yar shara, takobi ya zama fartanya, madubin hangen nesa ya zama zangarniyar masara. Jirgi da ƙyallayensa na mayar da su tulin auduga. Da na zo kan teku sai na ga ba wani aiki, na shafa masa ja kawai, ya koma asalinsa, kunyar doya. Baba Kuku ya ce yau ne karo na farko da ya ga na zana ruwan nan daidai.

Kuskurenmu ɗaya, aikin ya yi kyau da yawa. Da Sallau ya gani sai ya cire hula. Ya ce wannan shi ne manomi na gaskiya, ƙashin bayan ƙasa. Nan take ya yanke cewa motar ce za ta shiga gaba a faretin da za a yi wa babban baƙo daga Cotonou, kuma bayan ta wuce za a juya ta a ajiye bayanta na fuskantar rumfar manya, don kowa ya sha kallo. Ni kuma in tsaya kusa da ita a gabatar da ni. Na ce ai ni ba na son suna. Ya ce juyin juya hali ba ya tambayar abin da mutum ke so.

Ranar faretin da hantsi gari ya yi zafi irin mai nauyin nan. 'Yan makaranta sun jeru, mata da ashobi, 'yan unguwar Guéma da na Ganou kowa da kiɗansa. An ajiye motar kamar yadda aka tsara, ni a gefenta cikin rigar sallah, Alhaji da kawunsa a bakin taro. Sallau ya hau kan mumbari ya kama jawabi a kan maƙiyan jama'a masu ɓuya a cikinmu. Ni ba shi nake saurare ba, gabas nake kallo. Wani ɗan gajimare ne ya taso, baƙi, ba shi da girma. Kun san ruwan mangwaro, wanda ke zuwa sau ɗaya a tsakiyar rani ba sallama. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Ɗigon farko a kan malafa ya sauka. Sai ruwa ya ɓalle. Ina tsaye ina kallon aikina yana bin katako yana gangarowa. Malafa ta narke, kwalekwale ya fito. Murmushi ya zube, jan hanci ya leƙo. Fartanya ta tsiyaye ta bar takobi, auduga ta wanke ta bar jirgi da igwoyinsa, gonar doya ta koma shuɗiya. Kafin manya su gama buɗe lema, ga Kaftin nan tsaye da gezarsa biyu, ya saita madubi daidai kan babban baƙo.

Filin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa. A cikin shirun nan na ji muryar Baba Kuku, don tsohon kunnensa ya yi nauyi, ba ya sanin ƙarfin muryarsa: "Haka yake yi! In ya matso kusa sai ya yaye tamfal ya ɗaga tutarsa!"

Na hango jandarmomi biyu sun fara takowa wajena. Na dubi hannuwana na yi musu ban kwana. Sai na dubi Sallau, na ga shi ya fi ni shiga uku, don shi ya zaɓi motar, shi ya ce a juya ta, shi ya yabe ta a gaban kowa. In na tafi gonar auduga, a kunya ta gaba zan same shi. Bakinsa a buɗe, ruwa na shiga. Amma mai yankan tikiti ba ya rasa canji. Ya damƙi lasifika ya daka tsawa.

"Kamarad! Kun gani da idonku! Abin da nake faɗa muku ke nan! Haka mulkin mallaka ke shigar burtu, ya sa malafa ya shiga cikin manoma! Amma ruwan juyin juya hali ya tona masa asiri! Mu muka shirya wannan, don jama'a su ɗauki darasi!"

Sai babban baƙo ya fara tafi. Da ya tafa, duniya ta tafa. Jandarmomin da suka zo kama ni suka kama hannuna suka kai ni gabansa, ya girgiza shi, ya ce a Faransanci ƙasa na bukatar masu fasaha irina. Ya tambayi Sallau yadda aka yi muka san za a yi ruwa. Sallau ya ce kwamiti ya yi nazari.

Rumfata ta tsira, har aiki ya yi mini yawa. Baƙon ya ba da umarni a kai darasin nan kowane gari na arewa. Tun da sama ba ta karɓar umarni, sai aka riƙa tafiya da bokitai. In rufe Kaftin da manomi, a kai shi Djougou, Sallau ya yi jawabi, a sheƙa ruwa, jama'a su yi ihu su jefe shi da ɓawon lemo, a dawo da shi in sake rufewa. Alhaji bai so jifar ba, amma man motarsa na gwamnati ne, kuma ba shingen da ke tsayar da motar darasi, ballantana a leƙa huhunan goron da ke ciki. Tanko ya ce shi dama ya faɗa, Kaftin sa'a ne.

Wata rana Sallau ya zo rumfata da wani gwangwani a hamata, ya tarar da Baba Kuku a kujerarsa. Ya tsaya ya daɗe yana duban Kaftin.

"Kamarad Idi, mutumin nan bai cika kama da babban azzalumi ba. Mutanen ƙauye har tausayinsa suke ji. A ƙara masa ado. Baba, mene ne sama da Kaftin a wajensu?"

"Admiral," in ji tsohon a hankali.

"To a mayar da shi haka. Ga fenti."

Na buɗe gwangwanin. Ruwan zinariya ne, na mai, na asali, irin wanda rabona da ganinsa tun kafin sojoji. Daga ma'ajin gwamnati ya fito.

Na kwana biyu a kan aikin. Baba Kuku na faɗa ina zanawa: taurari a kan geza, zare mai faɗi a bakin hannu da gefen hula, lambar girma a ƙirji, tuta a saman jirgi. Wannan karon bai buge mini hannu ba ko sau ɗaya. Da na ajiye buroshi na juya, sai na ga tsohon yana share ido da bakin rigarsa, yana kuma dariya.

"Baba, lafiya?"

"Idi, ban taɓa gaya muku ƙarshen labarin ba, don kada Sule ya daina sayen mota. Bai taɓa zama Admiral ba. Can layi ake bi, sai na gabanka ya mutu ka matsa. Da farautar ta ƙare aka sauke shi tudu a kan rabin albashi, ya tsufa yana zuwa bakin teku yana kallon jiragen wasu. Saura kaɗan layi ya zo kansa ya mutu." Ya nuna ƙyauren da sandarsa. "Sarauniyarsu ta hana shi. Sallau mai tikiti ya ba shi."